Birin da Ya Shiga Wayar Gwaggo

Ranar da aka sace akun Gwaggo ina kicin ina yanka albasa, sai na ji ihu daga ƙasa, irin wanda ke sa mutum ya saki wuƙa. Na leƙa ta taga. Gwaggo ce tsaye a barandarta, ta dawo daga wurin likitan haƙori da auduga cushe a kumatu, tana nuna inda kejin yake rataye kullum. Babu keji, babu aku, sai ƙusa.

Gwaggo ita ce mai gidan da muke haya, ita a ƙasa, mu a sama. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma har mai kwasar shara haka yake kiran ta. Akun kuwa marigayi mijinta ne ya bar mata, tana ji da shi fiye da wasu jikokinta, kuma jikokin sun sani.

Na ce, "Maigida, sauke ƙafarka daga kujera, aiki ya same ka."

Mijina ma'aikacin gandun daji ne da ya yi ritaya. Bin sawu ne aikinsa. Zai dubi ƙasa ya gaya maka barewa ce ta wuce ko mafarauci, a guje ko a natse, a ƙoshe ko da yunwa. Tun da ya ajiye aiki ba shi da abin bi sai mu, ba ka isa ka ɗauki tsoka ɗaya daga tukunya a gidana ka tsira ba. Duk layin Baba Mai Sawu ake kiran sa, shi kuma yana yi kamar ba ya so. Kafin in wanke hannu har ya sa hula.

*

Mun tarar da 'yan gidan sun kewaye Mai gadi a tsakar gida. Yana riƙe da wayarsa da hannu biyu yana nuna wa duk wanda ya yarda ya duba.

"Wallahi Baba, saƙonta ne. Ga shi nan, ga lambarta."

Maigida ya karɓa ya nesanta da fuskarsa, don ya bar tabarau a sama. Ni na karanta masa: "Likitan dabbobi zai aiko mai babur. Ka ba shi aku da kejinsa 🌹"

Mai gadi ya ce, "Kuma mai babur ya zo, da hular kwano a kansa, ban ga fuskarsa ba. Ni kuma na san tun jiya akun yake wani irin tari, kowa ya ji. Sai na ce ai Gwaggo ta kyauta."

"Na kyauta?" Gwaggo ta zare audugar daga bakinta don ta samu filin faɗa. "Wayata a falo na bar ta tana caji! Ina kan kujerar likita baki a buɗe, da me na rubuta, da ƙafa?"

Kowa ya san falon Gwaggo ba a rufe shi, wayarta ma ba ta da mabuɗi, don duk lambar da aka sa mata sai ta manta. Wanda ya shiga ya tura saƙon ya goge shi daga wayarta. A ganin Gwaggo kuwa babu wani bincike: Mai gadi ne ya lallaɓa ya tura wa kansa, ya sayar da tsuntsun.

"Kafin rana ta faɗi," in ji ta, "ko akuna, ko mukullin ɗakina."

Ɗakin da take nufi shi ne na bakin get, inda Mai gadi ke zaune da matarsa da 'ya'yansa tun kafin mu tare a gidan. Mutumin da ya koya wa yarana hawa keke, ya taɓa goya surukata har bakin titi ranar da ƙafarta ta kumbura. Na ga matarsa a bakin ƙofa ta fara ninke labule, raina ya ɓaci ƙwarai.

Maigida ya ce kowa ya ja da baya. Ya durƙusa a barandar, gwiwoyinsa na ƙara, ya kwantar da kai yana kallon ƙasa. Tayil ne, kuma matar Mai gadi ta goge shi tas da safe har yana ɗaukar ido. Ya fita waje, ya bi sawun babur taku kaɗan, sawun ya hau kwalta ya ɓace. Ya dawo ya daɗe a kusurwar da kejin yake. A bangon akwai wani baƙin tabo daidai tsayin gwiwa, ga tukunyar shuka da aka tsige wa ganye ta gefe guda. Ya shafa tabon ya shinshina.

Wannan kusurwar kowa ya san ta, don nan ne kawai sabis ke kamawa sosai a hawan ƙasa. Na gaya masa haka. Ya ce "Uhm," muka hau sama.

*

Ya zube a kujera ya cire hula. "Maman yara, gari ba wurin aiki ba ne. Sun rufe ƙasa da tayil da kwalta, ina mutum zai bar sawu?"

Na ce, "A waya mana."

Ya harare ni. Mijina da imoji, wato 'yan hotunan nan da ake liƙawa a saƙo, ba sa ga maciji. Na taɓa rubuta masa saƙo mai tsawo daga gidan haihuwar 'yarmu, da zuciyoyi da furanni da fuska mai hawaye, ya amsa min da "To." Har yau ban yafe ba.

Na buɗe masa guruf ɗin 'yan gidanmu na waya, inda ake cigiyar bokiti da faɗa kan famfo. Na rufe sunayen da yatsa na ce ya nuna min kowane saƙo in gaya masa mai shi. Mai hannu biyu a haɗe da ɗan mutum yana gudu, Tela ne, kullum yana roƙo kullum yana hanya. Mai dariya har da hawaye a jere, Nas ce, ma'aikaciyar asibitin da ke haya a gidan. Babban yatsa shi kaɗai, Mai gadi, in maganar ta fi haka sai ya yi saƙon murya. Mai jan fure, Gwaggo. Wanda babu komai sai dogon rubutu, Hedimasta, ƙanen Gwaggo.

Ban kuskure ko ɗaya ba. Na ga ya miƙe zaune, ya laluba tabarau.

"Kira min Mai gadi da wayarsa."

Ya bi saƙonnin Gwaggo zuwa ga Mai gadi, yana ja sama a hankali, leɓensa na motsi. "Ka share bakin get." Sai fure a ƙasa, shi kaɗai. "Wa ya bar famfo a buɗe?" Sai fure a ƙasa. "Zo." Sai fure.

"Me ya sa furen ba ya zuwa tare da maganar?"

Mai gadi ya yi murmushinsa na farko a ranar. "Ai Baba, Gwaggo faɗa take fara turowa. In ta tura sai ta ga kamar ta yi zafi, sai ta biyo ni da fure. Ni ba na ma tashi sai furen ya iso, in bai zo ba na san da gaske ne."

"Na yau fa?"

Muka duba. Furen na yau a jikin maganar yake, layi ɗaya.

Maigida ya ce, "A daji mun sha kama ɓarawon da ya sa takalmin wani don ya ɓatar da mu. Takalmin zai yi daidai, amma tazarar takun tasa ce. Wannan ya ari furen Gwaggo, bai san yadda take taka shi ba. Kai kuwa ka fi kowa sani a gidan nan, da kai ne da ba ka yi wannan kuskure ba."

Mai gadi ya ce Allah ya saka da alheri, amma Gwaggo aku ta ce, ba bayani ba. Da gaskiyarsa.

*

Gwaggo na kwance a doguwar kujera da tsumma mai sanyi a kumatu. Da ƙyar ta ba da wayar.

"Tun da kika dawo me kika tura?" in ji Maigida.

"Na zazzage wa guruf masifa, me kake so in tura?"

"Da fure?"

"Yau wa ya cancanci fure?"

Na nuna masa abin da bai sani ba: in ka buɗe akwatin imoji, layin farko na waɗanda aka taɓa kwanan nan ne, sabo a gaba, tsoho a baya. Ko ka taɓa ka goge kafin ka tura, yana nan. Ya riƙe numfashi kamar ya hango zaki.

Na farko jar fuskar fushi, ta Gwaggo ce ta yau. Na biyu fure. Na uku biri ya rufe idanunsa da hannu biyu. Daga nan sai tsoffin kayan Gwaggo.

"Gwaggo, wannan birin naki ne?"

Ta leƙo. "Biri? Ni da girmana? Me zan yi da biri?"

"Ya shigo gab da furen," ya ce. "Mutumin ya buɗe shafin dabbobi da furanni yana neman fure, yatsansa ya faɗa inda ya saba. Ya goge, amma ƙafar ta riga ta taka. Kada ki ƙara taɓa wayar nan yau." Ya juyo gare ni. "Maman yara, wa ke sa biri a guruf?"

Na kama gyara ɗankwali, don amsar ba ta yi min daɗi ba.

"Maman yara."

"Ni ce."

Wallahi mutumin nan bai ko yi murmushi ba. A gaban Gwaggo ya gyara tabarau ya tambaye ni ina nake da hantsi. Na ce ina zaune a gabansa yana ba ni labarin kurar da ta yi ɗingishin ƙarya, labarin da na ji har na haddace, kuma in yana so in maimaita masa daga farko. Ya ce a'a, ya tuna, an sallame ni.

Kafin mu fita ya tambayi Gwaggo ko akun ya koyi wani sabon abu kwanan nan. Fuskarta ta yi laushi.

"Bawan Allah, kwanan nan har kula da ni yake. Da wata murya mai kauri sai ya ce, 'Kin ci abinci, 'yar lele?' Ni kuma in ce na ci, Allah ya yi maka albarka. A talabijin ya tsinta. Jiya kuma sai ga tarin nan, ehem-ehem, kafin ya yi magana." Ta share ido. Mutum uku ta san suna shiga falonta da safe ba tare da sallama mai tsawo ba: Tela, Nas, da ƙanenta Hedimasta.

*

Shagon Tela a jikin gidan yake, ta waje. Mun same shi yana rantse wa wata mata cewa kayanta na wurin guga, alhali ga yadin can a ninke ko almakashi bai gani ba. Da ta tafi, Maigida ya miƙa hannu ya zaro wani abu daga gefen keken ɗinki. Jan gashin jelar aku ne.

Na ce a raina shi ke nan, an gama.

"Baba, kada ka kalle ni haka," in ji Tela. "Tsinta na yi a ƙarƙashin keji tun watan jiya, da shi nake ɗiga wa keke mai. Shinshina ka ji."

Ya shinshina. Mai ne, kuma tsohon mai.

"Amma ba ka son tsuntsun."

"Wa zai so shi? Duk wanda ya shigo gidan nan, abin da zai fara ji shi ne 'Tela, ina kayana?' da muryar mata daban-daban. Ranar da surukina ya zo ma bai raga min ba. Amma ni in aiko mai babur ya zo a kan lokaci? Baba, ka san ni fa."

Ya shiga falon da safe, ya ce, don ya roƙi Gwaggo ta ƙara masa kwana biyu kan rigarta, da bai gan ta ba ya gode wa Allah ya fito. Na binciki guruf kaf, Tela bai taɓa sa biri ba. Shi kunya ba ta cikin kayan aikinsa.

*

Nas ta buɗe mana da idanu a kumbure, ta kwana a wurin aiki. Mace ce mai fara'a, ta haura arba'in, ita kaɗai take zaune da tukwanen shukarta. Ta haɗa mana shayi. Ta ce ta leƙa falon ne don ta auna jinin Gwaggo kamar kullum, ta tarar ta fita.

Maigida ya sa na karanta mata abin da ta taɓa rubutawa a guruf: "Wata rana sai na soya akun nan 😂😂😂"

"Haba Baba, ba ka ga dariyar ba? In na sa uku wasa nake. In na sa ɗaya, to a kiyaye ni."

"'Yata, tambaya ɗaya. A gidan nan, ban da matata, wa ke son biri? Mai rufe ido."

Shayin ya sarƙe ta. Ta ajiye kofi, ta rufe fuskarta da hannu biyu, ta ce ta cikin yatsu ita ba ta san kowa ba. Ni kunnuwanta kaɗai nake gani.

A kan matakala na ja hannun rigarsa. "Ita ce! Ka ga yadda ta rikice?"

"Na gani. Kin ga bakinta ta ƙasan hannun?"

"Me ya yi?"

"Murmushi take. Ban taɓa kama mai laifin da aka taɓo laifinsa ya ji daɗi ba. Ta san birin, amma turo mata shi ake yi."

*

Hedimasta ya koma ɗakin baya na gidan yayarsa ne bayan rasuwar matarsa. Ya yi ritaya, amma har yau in ya ratsa tsakar gida yara sai su gyara wuyan riga. Shi ne ya taɓa rubuta mana doguwar nasiha a guruf cewa babba mai hankali ba ya magana da hoton ƙwallon kai mai launin rawaya. Maigida ya ji daɗin nasihar nan har ya sauka ya ba shi hannu.

Mun same shi a bakin ƙofa yana goge baƙin takalminsa, wanda tuni yake sheƙi.

"Ehem-ehem. Baba Mai Sawu, sannu da ƙoƙari. Abin bai yi daɗi ba."

"Bai yi ba, Malam."

"Na yi wa Yaya magana kan Mai gadi, ta ƙi saurara. Bai kamata a kore shi ba. Ba shi ba ne."

"Ka tabbata?"

Burushin ya tsaya. "Wato, ehem-ehem, kyautata zato nake."

Maigida ya ce kyautata zato abu ne mai kyau. Ya yaba takalmin, ya tambayi irin man da yake sawa, har ya karɓi gwangwanin ya shinshina. Ni duk na ƙosa, rana ta karkata, na hango matar Mai gadi tana ɗaure tukwane a zani, shi kuma yana nan yana hirar man takalmi. Da muka bar wurin na buɗe baki zan yi masa tas, sai ya ce in je in tara kowa a falon Gwaggo, kowa da wayarsa.

*

Gwaggo ta zauna a tsakiya kamar alƙali mai ciwon haƙori. Tela a hannun kujera, Nas kusa da ƙofa, Hedimasta ya harɗe ƙafa, Mai gadi a tsaye ya ƙi zama.

Maigida ya yi bayanin furen da ya zo tare da magana, ya yi bayanin birin. Ya so ya kawo labarin kura, na yi gyaran zama, ya fasa.

"Yanzu kowa ya buɗe akwatin imojinsa ya ajiye waya a tebur. Ba zan karanta saƙon kowa ba, layin farko kawai zan duba."

Na Tela hannuwan roƙo ne da masu gudu, sai agogo, abin da ya sa kowa dariya. Na Mai gadi babban yatsa ɗaya tilo. Na Nas dariya da zuciyoyi kala-kala, babu biri. Nawa akwai biri, amma an riga an wanke ni a gaban shaidu.

Hedimasta bai motsa ba. "Ehem-ehem. Ni ban ma san inda abin yake ba."

"To ai naka ya fi na kowa sauƙi, Malam, fili za mu gani. Maman yara, taimaka masa."

Ya miƙo wayar kamar mai miƙa hannu a yi masa allura. Na buɗe. Jama'a, abin da na gani! Biri mai rufe ido a sahun gaba. Jar zuciya, zuciya mai kibiya, fuska mai idanun zuciya, faranti da cokali, wata da taurari. Mutumin da ya yi mana nasiha.

Tela ya faɗo daga hannun kujera.

Maigida bai yi dariya ba. "Dabba ba tafiya ɗaya gare ta ba. Yadda take ratsa fili ana kallon ta daban, yadda take gangarawa rafi ita kaɗai daban. Mu tafiyar Malam ta guruf kawai muka sani. A kusurwar keji akwai man takalminsa a bango, inda yake jingina ƙafa in waya ta yi tsawo, da ganyen da yake tsigewa. Aku na saman kansa yana ɗaukar darasi."

Gwaggo ta cire tsumman daga kumatu a hankali. "Dakata. 'Kin ci abinci, 'yar lele?' Wannan kai ne?"

Hedimasta ya dubi silin.

"Wato duk kwanakin nan ba da ni ake ba? Ina ta sa albarka?" Ta waiga. "To wace ce 'yar lelen?"

Nas ta sake rufe fuska da hannu biyu.

Da ƙyar maganar ta fito daga bakin Hedimasta. Sun daɗe suna magana da Nas, aure yake nufi, amma ya rasa yadda zai tunkari yayarsa, shi da furfura. Da akun ya tsaya kan maganar abinci bai damu ba. Jiya da ya ji ya kama gyaran muryarsa, ya san saura kaɗan ya kama suna. Sai ya aika shi wurin wani abokinsa mai kiwon tsuntsaye, ya ɗan kwana biyu ko ya manta.

"Na je neman fure sai na ga birin. Kunyar abin da nake yi ta kama ni, yatsana ya tafi da kansa." Ya sauke ƙafarsa, ya tashi, ya je gaban Mai gadi. "Ban zaci abin zai faɗo kanka ba. Da ya faɗo kuma na kasa buɗe baki, ina kallo iyalinka na ɗaure kaya. Wannan ya fi satar muni. Ka yafe ni."

Mai gadi ya ce, "Ba komai, Malam."

Nas ta sauke hannuwanta. Dariyar ta tafi. "Ni ban san da zancen aku ba, Gwaggo. Kai kuma Malam, da ka tambaye ni da na ce ka bar tsuntsun ya faɗa, tunda kai ka kasa."

Gwaggo ta juya ga ƙanenta. "Kai dai tun kana yaro haka kake, ka fasa kofi ka ɓoye a ƙarƙashin gado. Wa ya ce maka zan hana? Matar da ke auna jinina kullum ba ta taɓa ɓata fuska ba? Je ka ɗauko min tsuntsuna. Da ƙafarka, ba mai babur ba."

*

Rana na gab da faɗuwa Hedimasta ya shigo get rungume da keji, zufa ta jiƙa masa riga, takalmin nan ya yi furu-furu. Duk gidan na tsakar gida. Ya rataye kejin a ƙusarsa. Akun ya girgiza jiki, ya dube mu da ido ɗaya, ya ce, "Ehem-ehem. Kin ci abinci, 'yar lele?"

Nas ta ce, "Na ci." Aka kwashe da dariya har Tela na riƙe bango.

Mutum ɗaya ne bai shigo ba. Mai gadi na zaune a bencinsa na bakin get, ƙullin kayansu a gefensa, matarsa a tsaye da ƙaramin ɗansu a baya. An wanke shi, amma wadda ta ce ya fita ba ta ce ya zauna ba. Gwaggo kuwa, duk wanda ya san ta ya san ba ta iya ba da haƙuri da baki. Na ga ta leƙa shi, ta shige falo.

Maigida ya taɓa ni ya nuna min da haɓa. Muka matsa kusa da get kamar masu shan iska.

Wayar Mai gadi ta yi ƙara. Ya duba, na leƙa ta kafaɗarsa ba kunya, Gwaggo ce. "Ka kwashe kayan nan daga hanya ka mayar ɗaki, mutane na wucewa."

Matarsa ta sunkuya za ta ɗauki ƙulli. Ya ɗaga mata hannu. Ya ajiye wayar a gwiwarsa yana kallon ta, mu ma muna kallo. Babur ya wuce a titi, akun ya tambayi Tela kayansa, wayar shiru.

Sai ta yi ƙara. Fure. Kafin ya ɗago ta sake yin ƙara, wani furen, ta sake, wani.

Mai gadi ya goge ido da bayan hannu, ya tura mata babban yatsansa. Sannan ya tashi ya ɗauki ƙullin tukwane ya ce wa matarsa ta je ta mayar da labule.